Daskararren Abinci Mai Ƙarancin Kalori: Nazari a Kan Amfaninsa da Illarsa ga Masu Neman Rage Ƙiba

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani nau'in abinci da ya samu karɓuwa a Amurka da Turai, wato cikakken abincin da aka dafa a masana'anta, aka auna kalorinsa, aka daskarar da shi a cikin ƙaramin faranti domin mai saye ya ɗumama ya ci. An bibiyi asalinsa da ma'anar kalmomin da ake tallata shi da su, sannan aka auna shi da sakamakon gwaje-gwajen masana. An gano cewa yana taimakawa wajen rage ƙiba na ɗan lokaci saboda ƙayyade yawan abin da ake ci, amma yawan gishirinsa da ƙarancin ganye da hatsin da ke cikinsa, da kuma dogaronsa ga sanyin da ba ya yankewa, sun sa bai cancanci zama abincin yau da gobe ba.

1.0 Gabatarwa

Mai neman rage ƙiba wanda aiki ya sha wa kai yana tsakanin abubuwa biyu masu wuyar haɗuwa. Likita ya ce masa ya rage ci, ya kuma kula da abin da yake sa wa cikinsa. Aiki kuwa bai bar masa lokacin zuwa kasuwa ba, balle na tsayawa gaban murhu. A wannan giɓi ne kamfanonin abinci suka shigo da hajarsu: faranti guda a cikin kwali, an rubuta adadin kalori da manyan baƙaƙe a gaba, minti biyar a na'urar ɗumama abinci, shi ke nan an ci an tashi. Tambayar ita ce, shin wannan zaɓi ne na lafiya, ko kuwa sauƙi ne kawai aka yi wa ado da sunan lafiya? Batun ba ƙarami ba ne, domin daga cikin masu saye akwai mutanen da ƙiba ta riga ta kusantar da su ga hawan jini da ciwon suga, kuma kuskure a abincin irin waɗannan mutane yana da tsada.

2.0 Asalin Daskararren Abinci

Ana danganta fasahar daskarar da abinci ta zamani ga wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye. A shekarun 1910 ya zauna a yankin Labrador da ke arewa maso gabashin Kanada ta yau, inda ya lura cewa kifin da mutanen Inuwit suke kamawa yakan daskare nan take saboda tsananin sanyi, kuma idan aka narkar da shi bayan watanni sai a tarar da ɗanɗanonsa bai canja ba. Sirrin yana cikin sauri. Idan abinci ya daskare a hankali, ruwan da ke cikinsa yakan zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu yayyaga naman abincin, sai ya yi laɓo-laɓo idan ya narke. Idan kuwa ya daskare da gaggawa, ƙwayoyin ƙanƙarar ƙanana ne, ba sa ɓarna sosai. A shekarar 1930 aka fara sayar da kayan Birds Eye a garin Springfield na jihar Massachusetts.

Cikakken abinci a faranti ya yi suna ne daga 1953, lokacin da kamfanin Swanson ya fito da naman talo-talo da dankali da koren wake a farantin alminiyam mai gida-gida, a kan santi 98. Wannan bai da wata alaƙa da rage ƙiba. Sai a 1981 kamfanin Stouffer's ya fito da Lean Cuisine, wanda kowane farantinsa bai kai kalori 300 ba, aka kuma tallata shi musamman ga mata ma'aikata. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ConAgra ya biyo baya da Healthy Choice, bayan shugabansa Charles Harper ya yi fama da bugun zuciya a 1985. Yaɗuwar na'urar ɗumama abinci a gidaje da ofisoshi a daidai wannan zamani ita ta ƙarasa share musu fage.

3.0 Abin da Rubutun Jikin Kwali Yake Nufi

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, giram ɗaya na sitaci ko na furotin kuwa kalori 4. A ƙiyasi, baligar mace tana bukatar kimanin kalori 2,000 a rana, namiji kuma kimanin 2,500, gwargwadon shekaru da girman jiki da yawan motsi.

A dokar Amurka, ba a kiran cikakken abinci "mai ƙarancin kalori" sai idan bai wuce kalori 120 a kowane giram 100 ba. Ke nan farantin da nauyinsa ya kai giram 280 yana iya ɗauke da kalori 336 ya kuma ci sunan. Abin lura shi ne, wannan suna bai ce komai ba game da gishiri ko sukari ko yawan ganye. Kalmar "mai lafiya" tana da nata sharuɗɗa daban. A tsohuwar ƙa'ida, cikakken abincin da ke son wannan laƙabi ba zai wuce miligiram 600 na sodiyam ba. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sabunta ma'anar, ta shigo da iyaka ga sukarin da ake ƙarawa, ta kuma wajabta a samu wani adadi na ainihin ganye ko 'ya'yan itatuwa ko cikakken hatsi ko makamantansu. Wannan gyara kansa shaida ce cewa tsohon ma'aunin ya daɗe yana barin kayan da ba su cancanta ba suna wucewa.

Adadin da aka rubuta ma ba wahayi ba ne. Doka ta yi rangwamen da ya kai kashi 20 cikin 100 tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke ciki. A wani binciken da masana na Jami'ar Tufts suka wallafa a 2010, an ƙona samfuran daskararren abinci a ɗakin gwaji, aka tarar a matsakaici suna da kalori kashi 8 cikin 100 fiye da abin da kwalinsu ya faɗa. Abincin gidajen cin abinci da aka gwada tare da su ya fi haka, kashi 18. Idan aka yi adalci, kashi 8 na kalori 300 kalori 24 ne kacal, wanda bai kai cokali biyu na sukari ba. Wannan kuskure ƙarami ne idan aka kwatanta da wanda mutum yake yi in shi ne da kansa yake kirdadon abin da ya zuba a kwano.

4.0 Shin Yana Rage Ƙiba?

Amsa a taƙaice ita ce e, kuma dalilin ba wani sinadari ba ne da ke cikin abincin. Dalilin shi ne faranti yana da iyaka.

Ɗan Adam ba gwani ba ne wajen sanin yawan abin da ya ci. A 1992 mujallar likitanci ta New England ta wallafa nazarin wani ƙaramin rukunin masu ƙiba da suke cewa sun rage ci amma jikinsu ya ƙi sauka. Da aka auna su da tsauraran hanyoyi, sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan kashi 47 cikin 100. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Ido ne yake yaudarar su. Haka nan Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta nuna a 2002 cewa idan aka ninka yawan taliyar da aka ajiye gaban mutane daga giram 500 zuwa 1,000, sukan ci ƙarin kimanin kashi 30 cikin 100, ba tare da sun ji ƙoshin da ya fi na da ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban babban kwanon shinkafa a gidan biki ya san wannan ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Daskararren faranti yana ɗauke wa mutum wahalar yanke hukunci a lokacin da yunwa ta fi ƙarfin hankalinsa, domin babu tukunyar da za a koma a ƙaro.

An gwada wannan kai tsaye. A 2016 Cheryl Rock da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka raba mutum 183 masu ƙiba zuwa rukunai, aka ba kowa shawarwarin rage ci iri ɗaya na tsawon mako 12. Waɗansu aka ba su daskararren faranti na rana da na dare, waɗansu aka bar su su zaɓi abincinsu da kansu. Masu cin farantin sun rage kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsu, sauran kuwa kimanin kashi 6. Bambancin na gaske ne, amma akwai abubuwa uku da mai karatu zai riƙe. Na farko, kamfanin Nestlé mai Lean Cuisine shi ya ɗauki nauyin binciken. Wannan bai rushe sakamakon ba, amma dalili ne na yin taka-tsantsan. Na biyu, mahalartan ba farantin kaɗai suke ci ba, an umarce su da haɗawa da ganye da 'ya'yan itatuwa, kuma suna ganawa da masu ba da shawara. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, mako 12 ba komai ba ne a rayuwar mai ƙiba. Wahalar ba ta saukar da nauyi ba ce, ta hana shi dawowa ce bayan shekara biyu ko biyar, kuma mutumin da kwali ya riƙa auna masa abinci bai koyi aunawa da hannunsa ba. Ranar da ya gaji da farantin, ko kuɗinsa suka gaza, zai koma ga tukunya da idonsa na da.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. Faranti uku masu kalori 300 sun tashi 900 a rana, wanda ya kusa da iyakar kalori 800 da likitoci suke ɗauka a matsayin tsattsauran tsarin da ba a shiga sai ƙarƙashin kulawar asibiti. Saukar nauyi da gaggawa irin wannan tana ƙara yiwuwar tsakuwar matsarmama, tana kuma cin tsoka tare da kitse idan furotin ya yi ƙaranci. A zahiri ma mutane ƙalilan ne suke jurewa. Abin da ya fi faruwa shi ne, ma'aikaci ya ci farantinsa da azahar, kafin la'asar yunwa ta dawo, ya sayi lemon kwalba da biskit, sai kalorin da aka tsimi ya dawo da riba.

5.0 Matsalar Gishiri

A ganin wannan nazari, nan ne babbar illar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Matsakaicin Ba'amurke yana cin kusan miligiram 3,400, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan daga abincin kwali da na gidajen cin abinci yake fitowa, ba daga gishirin da ake barbaɗawa a gida ba.

A ɗauki farantin da ya cika tsohon sharaɗin "mai lafiya" daidai, mai kalori 300 da sodiyam miligiram 600. A ido adadin ba shi da yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka yarda a rana. Amma a dube shi ta fuskar kalori: kowane kalori ɗaya yana tafe da miligiram 2 na sodiyam. Mutumin da ya ci kalori 2,000 a irin wannan ma'auni zai kwashi miligiram 4,000, wato ninki biyu na shawarar hukumar. Ko kuma a ce faranti uku sun cinye miligiram 1,800, kusan dukkan rabon ranar, alhali ba su ba jiki rabin ƙarfin da yake bukata ba. Duk abin da zai ƙara domin cike giɓin, burodi ne ko cuku ko miyar gwangwani, da nasa gishirin zai zo. Ƙanƙantar farantin ce take ɓoye yawan gishirinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo gishiri haka a abincin da sanyi ya riga ya adana? A kilishi ko bandar kifi an san aikin gishiri da bushewa shi ne hana ruɓewa, amma a nan firiza ta ɗauke wannan aiki. Amsar ita ce ɗanɗano. Mai shi ne yake ɗauke da yawancin armashin abinci, idan aka zare shi domin kalori ya sauka sai abincin ya yi salam, kuma gishiri ne mafi arahar abin da zai maye gurbinsa. Bugu da ƙari, gishiri da sinadaran fosfet masu sodiyam suna sa nama ya riƙe ruwa, kada ya bushe bayan an dafa, an daskarar, an sake ɗumamawa. Saboda haka mai ƙiba da ke da hawan jini ko ciwon ƙoda yana iya rage kilo uku ya yi murna, alhali yana ɗura wa jikinsa abin da likita ya fi hana shi.

6.0 Daskarewa Daban, Sarrafawa Daban

Ya kamata a wanke sanyi daga laifin da ba nasa ba. Mutane da yawa suna zaton daskarewa tana kashe amfanin abinci, kuma ba haka ba ne. Ganyen da za a daskarar akan tsinke shi ne a lokacin da ya nuna, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, a daskarar cikin 'yan awoyi. Tsomawar tana rage wani abu na bitamin C, amma daga nan asarar takan tafi a hankali ƙwarai, saɓanin ɗanyen ganyen da yake kwana da kwanaki a mota da rumfar kasuwa. Masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun kwatanta kayan lambu da 'ya'yan itatuwa iri takwas a 2015, suka tarar yawan bitamin na daskararrun ya yi daidai da na ɗanyun a mafi yawan lokuta, wani lokaci ma ya fi. Ledar daskararren alayyafo ko koren wake abinci ne mai kyau.

Matsalar faranti ita ce abin da aka zuba a ciki. Galibi farar taliya ce ko farar shinkafa, da miya mai kauri da aka ɗaure da sitaci, da 'yan yankan nama, da ganyen da bai wuce cokali biyu ko uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, da giram 25 na faiba, wato ɓangaren hatsi da wake da ganye wanda hanji ba ya narkarwa, mai riƙe ciki da daidaita sukarin jini. Farantin da gaba ɗayan nauyinsa bai kai giram 300 ba, ba zai kai mutum ko kusa da wannan ba.

Tun daga 2009 Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Burazil ya fara jawo hankali ga matakin sarrafa abinci, aikin da ya haifar da tsarin NOVA mai rukunai huɗu. Rukuni na huɗu shi ne abincin da aka tsananta sarrafawa, wanda aka harhaɗa da sinadaran da ba a samu a madafin gida, kuma yawancin daskararrun faranti a nan suke faɗawa. A 2019 Kevin Hall na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 a asibiti na mako huɗu, mako biyu suna cin abincin da aka tsananta sarrafawa, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kimanin kalori 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya.

Ana yawan kafa hujja da wannan bincike a kan daskararren faranti, amma hujjar ba ta zauna daidai ba, domin mahalartan Hall ba a ƙayyade musu ci ba, ƙayyadewa kuwa ita ce dukkan dabarar faranti. Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne wanda masana na Kwalejin Jami'a ta Landan suka wallafa a 2025. Mutum 55 suka ci nau'o'in abinci biyu, kowanne na mako takwas, kuma dukkansu an tsara su bisa shawarwarin cin abinci na gwamnatin Birtaniya. Ɗaya na masana'anta ne har da dafaffen abincin kwali, ɗaya kuma abinci ne da ba a tsananta sarrafawa ba, irin dafuwar gida. A duka biyun nauyi ya sauka, kimanin kashi 1 cikin 100 a na masana'anta, kimanin kashi 2 a na gida. Ke nan abincin kwalin da aka zaɓa da kyau ba guba ba ne, amma dafuwar gida ta ninka shi amfani.

Daga nan hukuncin yana fitowa da kansa, kuma ya rataya ne ga abin da farantin ya maye gurbinsa. Ga ma'aikacin da in ba shi ba soyayyen kaza da dankali da lemon kwalba zai ci, faranti ci gaba ne babba. Ga wanda zai iya samun wake da ganye da kifi a gida, koma-baya ne. Wanda dole ta sa shi saye, ya juya kwalin ya karanta bayansa: sodiyam kada ya wuce miligiram 600, furotin ya kai giram 15 zuwa 20, a samu cikakken hatsi ko wake a farkon jerin kayan haɗi, ya kuma ƙara ganye da 'ya'yan itace daga waje, kada ya wuce faranti ɗaya a rana.

7.0 Sanyi da Ƙwayoyin Cuta

Sanyin firiza, wato digiri 18 ƙasa da sifili, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su yake yi. Da zarar abinci ya narke sai su farka su ci gaba da hayayyafa. Na'urar ɗumama abinci kuma ba ta raba zafi daidai, gefe yakan tafasa tsakiya na da sanyi, shi ya sa ake cewa a juya abincin, a bar shi ya ɗan zauna, har zafin cikinsa ya kai digiri 74. A 2007 hukumomin lafiya na Amurka sun ƙirga mutum 401 a jihohi 41 da suka kamu da cutar salmonela daga daskararren fanken nama na Banquet, kuma da yawa daga cikinsu a irin wannan na'ura suka ɗumama shi ba tare da ya dahu ba.

Wannan ya faru ne a ƙasar da wutar lantarki ba ta cika yankewa ba. Ga mai saye a manyan kantunan Kano ko Abuja ko Yamai, inda irin waɗannan kaya suka fara bayyana, tambayar ta fi tsanani, domin bai san sau nawa kwalin ya narke ya sake daskarewa tsakanin tashar jirgin ruwa da kanti ba. Ƙa'idar da ma'aikatar gona ta Amurka ta bayar ita ce, firiza cikakkiya tana riƙe sanyi kimanin awa 48 bayan ɗaukewar wuta idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa awa 24. Kwalin da ya jiƙe ya bushe, ko abincin da ya dunƙule gefe guda da manyan ƙwayoyin ƙanƙara a kansa, alama ce ta cewa ya taɓa narkewa, kuma barinsa ya fi.

Ma'aikacin da ke da firiza mai aiki yana iya ɗaukar dabarar ya bar hajar. Ya dafa wake da miyar ganye da kifi a ranar hutu, da gishiri da dunƙule gwargwadon yadda likita ya ce, ya raba su a ƙananan robobi masu girma ɗaya, ya sa a sanyi cikin awa biyu da saukewa, ko cikin awa ɗaya idan lokacin zafi ne, ya rubuta kwanan wata a kan kowace roba.